Madubi ko Dillaliya? Ƙirƙirarriyar Basira da Rabon Kallo Tsakanin Maza da Mata

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a ɗakunan malamai da wuraren taron ƙungiyoyin al'adu, duk lokacin da aka taɓo zancen abin da jama'a ke kallo a salula da talabijin. Sai a ce mata dai soyayya da rikicin kishiya suke so, maza kuma ƙwallo da siyasa. Na'ura ba ta da laifi, madubi ce, abin da kowa ya zo da shi take nuna masa. Maganar tana da daɗin ji domin tana wanke kowa. Ta wanke kamfani, ta wanke mai shirya fim, ta wanke malamin da bai taɓa tambayar ɗalibansa abin da suke kallo ba, ta bar laifin duka a kan mai kallo, musamman idan mace ce. Sai dai maganar ba gaskiya ba ce, kuma hujjojin da ke rushe ta sun fito ne daga bakin masu na'urar da kansu.

Kallon talabijin na yau ya zama kallon zumunta. Idan sabon kashi na Labarina ko Izzar So ya fito a YouTube, ko Daɗin Kowa ya zo a tashar Arewa24, mai kallo a Maraɗi ko Damagaram ido ɗaya yana kan shirin, ɗaya yana kan WhatsApp da Facebook. Ana sharhi, ana gardama, ana yanko gutsuren da ya fi zafi a watsa a TikTok, wanda bai kalla ba ya gani ya je nema. Abin da mai kallo bai cika lura da shi ba shi ne, duk wannan motsi ana ƙirga shi: abin da ya danna, minti nawa ya tsaya, inda ya tsallake, abin da ya tura wa wani, da ƙarfe nawa na dare ya yi haka. Daga wannan ƙirge ne ƙirƙirarriyar basira ke yanke abin da za ta jera masa gobe.

Kada a ɗauka jerin nan ƙaramin abu ne. A 2015 injiniyoyin Netflix biyu, Carlos Gomez-Uribe da Neil Hunt, sun bayyana cewa kusan kashi 80 cikin 100 na sa'o'in da ake kallo a dandalinsu daga shawarar na'ura suke fitowa. A farkon 2018 Neal Mohan, wanda daga baya ya zama shugaban YouTube, ya ce fiye da kashi 70 cikin 100 na lokacin kallo a can na'ura ce ke jagorantarsa. Ke nan a cikin kowace sa'a goma da mutum ya ba YouTube, bakwai ba shi ya nemo abin da ya kalla ba, kawo masa aka yi. Madubi ba ya kawo wa mutum komai. Wadda ke shiga gida da ƙunshin kaya, ta san abin da uwargida ta saya bara, ta ɓoye wani zane ta fito da wani, kuma ladanta yana ƙaruwa gwargwadon cinikin da ta yi, sunanta dillaliya. Bambancin kawai shi ne dillaliyar unguwa ana sanin gidanta, ana iya kai ƙararta wurin mai unguwa.

Shin na'urar ta san jinsin mai kallo?

Kamfanonin ba su da amsa ɗaya. A 2016 masu bincike uku na Google, Paul Covington da Jay Adams da Emre Sargin, sun wallafa bayanin yadda tsarin shawarar YouTube ke aiki a lokacin, kuma a cikinsa sun faɗa ƙarara cewa jinsin mai kallo da shekarunsa da yankin da yake suna cikin abubuwan da ake zuba wa na'urar kai tsaye. Netflix kuwa ya daɗe yana cewa shi bai damu da jinsi ko shekaru ba, halin kallo kawai yake bi, yana rarraba masu kallonsa zuwa rukunoni wajen 2,000 bisa ɗanɗano.

Masu kare na'ura suna riƙe wannan magana ta Netflix hannu biyu, alhali ba ta kare komai. Rashin tambaya ba rashin sani ba ne. A 2012 wasu masu bincike na kamfanin Technicolor sun nuna cewa daga makin da mutum ke ba fina-finai kawai ana iya gano ko namiji ne ko mace, a dace kusan sau takwas cikin goma. Shi kansa Netflix ya ɗanɗana kuɗarsa a kan wannan. A 2006 ya sa gasar dala miliyan ɗaya ga duk wanda ya inganta tsarin shawararsa da kashi 10 cikin 100, ya saki makin fina-finai sama da miliyan 100 na mutane wajen 480,000 bayan ya goge sunayensu. Masana biyu na Jami'ar Texas, Arvind Narayanan da Vitaly Shmatikov, suka nuna cewa ana iya gano wasu daga cikin mutanen ta hanyar gwada makin da abin da suka rubuta a wani dandali. A ƙarshen 2009 wata mata ta kai ƙara kotu ba tare da bayyana sunanta ba, saboda tsoron kada jerin fina-finanta ya tona asirin rayuwarta, kuma a 2010 kamfanin ya soke gasa ta biyu, wadda a cikinta ya yi niyyar sakin bayanan jinsi da shekaru. Abin da mutum ke kalla yana faɗin ko wane ne shi, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

Bayan sanin kuma akwai aiki da shi. A 2017 Netflix ya bayyana cewa hatta hoton da ke kan fim ba ɗaya ba ne ga kowa. Ya ba da misali da fim ɗin Good Will Hunting: wanda ya saba kallon soyayya za a nuna masa Matt Damon da Minnie Driver, wanda ya saba da barkwanci a nuna masa Robin Williams. Fim ɗaya, ƙofa biyu. A 2018 wasu baƙaƙen fata na Amurka suka lura ana tallata musu fim ɗin Like Father da hoton ƴan wasa baƙaƙe waɗanda ba su fi ƴan mintuna a cikinsa ba. Kamfanin ya ce bai san launin fatar kowa ba. Wataƙila haka ne, amma na'urarsa ta yi aiki tamkar ta sani. A 2019 kuma masu bincike daga Jami'ar Northeastern da abokan aikinsu suka saka tallace-tallacen neman ma'aikata a Facebook ba tare da sun zaɓi jinsi ba. Tallan aikin katako ya isa ga maza kashi 90 cikin 100, na mai karɓar kuɗi a kanti ya isa ga mata kashi 85. Ba wanda ya umurci na'urar ta raba. Ita ta raba, domin rabon ya fi kawo dannawa.

Daga ina rabon ya samo asali?

Masu maganar madubi za su ce, to ai ko da haka ne, ɗanɗanon maza da na mata sun bambanta tun fil azal, na'ura ta tarar da shi ne. Gaskiya ta tarar da wani abu, amma ya kamata a tambayi mene ne shi. A ƙasar Hausa gidan silima wurin maza ne; macen kirki ba ta zuwa, kamar yadda Brian Larkin ya nuna a nazarinsa na Kano da ya fito a 2008. Mata sun shiga duniyar fim ne ta kaset ɗin bidiyo da aka kawo musu cikin gida, a lokacin da aikin gida ya bar musu. Gidan kallon ƙwallo na maza ne, fada ta samari ce, na'urar sauya tasha kuma tana hannun maigida idan yana nan. Wannan rabon wuri ne da lokaci da kuɗi, an daɗe ana kiransa ɗanɗano. Wa ya san abin da matar da ke Tawa za ta zaɓa da an buɗe mata duka ƙofofin? Kuma wa ya cika gidajen silima na Kano da Maraɗi shekara da shekaru don kallon fina-finan Indiya, waɗanda ba abin da ke cikinsu sai soyayya da waƙa? Maza ne.

Na'ura ba ta san wannan tarihi ba, kuma ba ta da buƙatar saninsa. Ta tarar da sawun da ƙuntatawa ta bari, ta ɗauke shi a matsayin zaɓi, ta ƙara nuna irinsa, aka ƙara danna shi domin shi ke gaba, ta ɗauki dannawar a matsayin shaida. Haka zagayen ke tafiya har abin da al'ada ta yi da laka ya koma siminti.

Akwai kuma matsalar wane ne ma ake ƙirgawa. Ƙungiyar kamfanonin salula ta duniya, GSMA, ta ƙiyasta cewa a 2023 yiwuwar mace ta yi amfani da intanet ta salula a Afirka kudu da Sahara ta gaza ta namiji da kashi 32 cikin 100. A gidaje da yawa babbar salula ɗaya ce, ta maigida ko ta babban ɗa. Mace tana kallo a wayar aro, ko kuma a tura mata shirin ta Bluetooth ko Xender, ko ta saya a katin ajiya daga masu tura fina-finai na kasuwa. Irin wannan kallo ba ya shiga lissafin kowa. Sakamakon haka, mata masu ɗimbin yawa, waɗanda su ne ƙashin bayan kasuwar fim ɗin Hausa tun zamanin kaset, ba su da ƙuri'a a zaɓen da na'ura ke gudanarwa kullum, amma idan aka zo zargin lalacewar fim su ake nuna wa yatsa.

Abin da ake ciyar da samari

Duk wanda ya ɗauka wannan matsalar mata ce kaɗai ya dubi abin da ake miƙa wa ƴaƴansa maza. A farkon 2024 masu bincike na University College London da Jami'ar Kent, tare da wata ƙungiyar shugabannin makarantu ta Birtaniya, suka buɗe asusun TikTok da ke kwaikwayon samari masu fama da kaɗaici ko neman gyara kansu. A cikin kwana biyar, bidiyoyin wulaƙanta mata da na'urar ke jera musu suka tashi daga kashi 13 zuwa kashi 56 cikin 100. Yaron bai nemi ƙiyayya ba. Ya nemi yadda zai zama namiji, aka sayar masa da raina mace. Abin ya kai ga a 2025, bayan fitowar shirin Adolescence wanda ya taɓo wannan batu, aka ba makarantun sakandare na Birtaniya damar nuna shi kyauta.

TikTok ɗin da ke aljihun ɗalibin kwaleji a Yamai ba wani daban ba ne da na London. Harshe da fuskoki ne suka bambanta: a nan gutsuren wa'azi ne da aka yanke daga mahallinsa, da barkwancin da kullum mace ce maciyiya amana ko mai kwaɗayin kuɗi, da muhawarar da aka shirya don a zagi bazawara. Dalilin da ya sa irin wannan ke tashi sama ba ɓoyayye ba ne. Takardun cikin gida na Facebook da Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa daga 2017 kamfanin ya ba alamomin motsin rai, har da ta fushi, nauyi ninki biyar na alamar so, kafin daga baya ya janye nauyin alamar fushin. Inda fushi ke da farashi, jikin mace da mutuncinta su ne haja mafi arha. An ga haka a 2020, lokacin da hotunan Rahama Sadau suka tayar da ƙura a shafukan zumunta: ko mutum ya zage ta ko ya kare ta, a wurin na'ura duk ciniki ne. Malamar makaranta ko ɗalibar da ta ga yadda ake yi wa wadda ta buɗe baki sai ta zaɓi kallo a shiru, shirunta kuma ya sake rage nauyinta a lissafi.

Mai shirya fim a gaban dillaliya

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tun 2012 YouTube ya mayar da tsawon lokacin kallo babban ma'auninsa. Bayan kasuwar faifai ta durƙushe, masu shirya fim na Hausa da yawa suka koma can da shirye-shirye masu dogon zango, abincinsu ya rataya a kan wannan ma'auni. Ba a buƙatar bincike mai zurfi kafin a ga tasirinsa: labarin da kashi goma zai ishe shi a ja shi zuwa hamsin, hoton gaba kullum mace ce tana kuka ko biyu suna cacar baki, taken kuma alkawarin abin kunya. Mai shiri yana duba alƙaluman da dandalin ke ba shi, waɗanda suka haɗa da jinsi da shekarun masu kallonsa, ya ga abin da ya tashi, ya maimaita.

A nan ya kamata a yi adalci. Laifin ba na soyayya ba ne. Littattafan soyayya na Kano, daga alƙalamin irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa, su ne dandalin da mata suka yi muhawarar auren dole da karatun ƴaƴa mata da haƙƙin wadda aka saka, a lokacin da jaridu ba su ba su fili ba. Mace mai bin labarin aure tana bin siyasar rayuwarta ne. Abin da na'ura ke yi shi ne ta tace wannan gado, ta zubar da tambayar, ta riƙe marin da ihun. Sannan masu ilimi su dubi abin da ya rage su ce ga abin da mata ke so.

Abin da aka rasa, da abin da za a iya yi

Nijar ta san wani irin kallon zumunta kafin a ƙirƙiro masa suna. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda jama'a ke taruwa su saurari shiri, su tattauna, mai jagora, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, ya naɗi ra'ayoyinsu a mayar gidan rediyo. Daga 1964 ƙasar ta gwada koyarwa ta talabijin, gwajin da ya ja hankalin duniya. Wasannin kwaikwayon Yazi Dogo da na ƙungiyoyin Damagaram an kalle su a akwati ɗaya, tsoho da yaro, mace da miji, a yi dariya tare, a yi gardama bayan an tashi. Ba zamanin adalci ba ne: gwamnati ce ke zaɓen shiri, mata kuma sukan zauna a baya. Amma miji ya ga abin da matarsa ta gani, kuma wanda ya zaɓi shirin yana da suna da ofis. Yau ana zaune a tabarma ɗaya, kowa da duniyarsa, miji bai san cewa shafin farko na matarsa bai yi kama da nasa ba, balle ya san na ɗansa.

Ba a cewa a jefar da salula a rijiya. Na'urar nan tana kai fim ɗin Hausa Agadas da Kumasi da Khartum ba tare da izinin kowa ba, kuma mata da dama sun sami sana'a da murya ta hanyarta. Ana cewa ne a daina kiranta madubi, a yi mata irin tambayar da ake yi wa kowane ɗan kasuwa. Turai ta yi haka: dokar Tarayyar Turai kan ayyukan intanet, wadda ta fara aiki a kan manyan dandamali a watan Agusta na 2023, ta tilasta musu su ba mai kallo zaɓin jerin da bai dogara da bin diddiginsa ba, kuma TikTok ya bi. Ashe abin mai yiwuwa ne. Idan ya yiwu a Faransa, babu dalilin fasaha da zai hana shi a Nijar, wadda ke da hukumar kare bayanan jama'a tata. Abin da babu shi ne masu nema da babbar murya, kuma ƙungiyoyin al'adu da na malamai ne ya kamata su fara.

Kafin nan akwai aikin da ba ya jiran doka. Malami na iya ɗaukar salula biyu a aji, ta ɗalibi da ta ɗaliba, da yardarsu, a buɗe shafin farko na YouTube a kowace, a rubuta a allo bidiyo goma na farko, a tambayi ajin wa ya zaɓa. A nuna wa ɗalibai inda Google ke rubuta hasashensa na jinsinsu da shekarunsu, da yadda ake goge tarihin kallo, da yadda ake kashe bidiyo mai bin bidiyo, da amfanin neman abu da sunansa maimakon jiran a kawo. Darasin sa'a ɗaya ne, kuma ya fi wa'azin shekara a kan illar waya. Gidajen matasa da al'adu na iya farfaɗo da tsarin kulob: a nuna kashi ɗaya na shiri a allo ɗaya, maza da mata a wuri ɗaya ko a zama biyu, a tattauna, a aika wa masu shirin abin da aka faɗa, domin su ji muryar da alƙalumansu ba su ƙirga ba. Marubuta da masu sharhi kuma su riƙa jera wa jama'a shirye-shiryen da suka cancanci kallo, da sunansu a ƙasa, yadda za a iya musa musu.

Rabon aiki da rabon wuri tsakanin maza da mata tsohuwar muhawara ce a ƙasar Hausa, kuma al'umma ce ke da haƙƙin ci gaba da yin ta, a zaure da aji da tsakar gida. Abin da bai kamata a yarda da shi ba shi ne a wayi gari an yanke hukuncin a wani wuri mai nisa, bisa ma'aunin talla, sannan a dawo a ce wa yarinya da yaro wai su suka zaɓa.